Ɗakin da Na Wanke a Otal ɗin Alhaji Idi

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ka a Tudun Wada lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin abin da ido ba ya gani. Labarin gida ba zan cika ka da shi ba, yanzu ka baro shi. Na cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin kifin da na yi maka banda, don na san ko me ka manta a jakar nan ba za ka manta da kifi ba. Da baki na so in gaya maka, to amma ka san babanku. Ina farawa zai ce, "To, ya isa haka, Hajara," kai kuma ka hau dariya, magana ta bi ruwa. Takarda kuwa ba mai katse ta.

Ka san aikin da za ka je yi. Alhaji Idi, aminin babanku tun suna samari suna zuwa kamun kifi tare, ya damƙa maka otal ɗinsa ka riƙe masa. Ka kuma san halin da ake ciki. Gonarsa ta Ba'awa ya sayar ya gyara wurin bayan ya daɗe a rufe, 'ya'yansa sun ce in wannan karon ma bai tashi ba to sai dai a sayar, ga yanar ido tana ta cin ganinsa har ba ya gane mutum sai ya ji murya. Ba shi da sauran abin da zai nuna ya ce nasa ne sai ginin nan. Abin da ba ka sani ba shi ne, na taɓa kwana a cikinsa, kuma akwai hannuna a lalacewarsa ta farko. Shi zan ba ka labari, ka zauna ka karanta a natse.

Shekarar da ciwon ƙafa ya matsa wa kakarka Inna ne, kana firamare, a gida muka bar ka. Ni da babanku muka kai ta asibiti a Tudun Wada. Likita ya duba ya ce ba sai an kwantar da ita ba, amma kullum da safe a kawo ta a wanke ciwon har ya fara kamewa. Daga nan bakin dam ɗin Tiga zuwa can kullum, da tsohuwa mai ciwo a bayan babur, ai ba mai yiwuwa ba ne. Alhaji Idi yana jin labari ya aiko, ya ce in muka sauka a wani wuri ba otal ɗinsa ba to ya yi fushi da mu, kuma kada wanda ya kuskura ya yi masa zancen biya. A lokacin harkar masara ta riƙe shi a Doguwa, wurin yana hannun Sale, ɗan ƙanwarsa.

Ni ban taɓa taka otal ba a rayuwata, ka san yadda mata a nan muke jin sunan. Amma da muka isa ƙofar sai na saki jiki. Get shuɗi yana ta ƙyalli, an jera fararen duwatsu, ga furanni a cikin tayoyin mota. Har na gyara mayafi na ce da Inna, "Yau fa mun zama manya." Sale yana kishingiɗe a benci da rediyo a ƙirji. Ya gaishe mu, ba laifi, amma daga kwancen ya miƙo wa babanku mukulli, ya nuna mana ɗakin ƙarshe da haɓa.

Babanku yana tura ƙofa wani zarni ya tarbe mu, irin wanda ya daɗe a rufe yana jiran mai buɗewa. Zanin gadon ba za ka iya cewa ga launinsa na asali ba, ga shatin man kan wani a jikin matashi. Na ɗaga katifa, kuɗin cizo suka watse cikin ɗinki, bangon gefen gadon kuwa duk ɗigon jini ne inda baƙin da suka riga mu suka yi ta murtsuke su. Silin ya yi ciki ya yi baƙi saboda yoyon damina. Ragar taga ta yage, an toshe ta da kwali. Fanka tana da fiffike biyu, na ukun yana ajiye a kan taga, ban san wa yake jira ba. Na leƙa banɗaki. Famfo yana ɗiga, an naɗe wuyansa da roba, gansakuka ta bi ƙasa har bakin ƙofa. Butar da aka ajiye, cikinta kore shar, bakinta a fashe. Sauran abin da na gani a wurin ba zan rubuta shi ba, don ina so ka ci kifinka da daɗi.

Ana cikin haka aka kira azahar. Inna ta dogara sandarta ta dubi ƙasan ɗakin, ta dubi wata tsohuwar darduma da ke rataye a ƙusa, ta ce, "Ina zan sa goshina a nan?" Ta ɗingisa ta fita, da ƙafar nan mai ciwo, ta je gindin wani darbejiya a tsakar wurin. Na samo mata ruwa a wurin wata mai tuwo a tsallaken titi, ta yi alwala, ta shimfiɗa mayafinta a kan ƙasa ta yi salla a zaune. Da ta sallame ta ce da ni, "Lokacin da ruwan Tiga ya tashe mu, kina 'yar ƙarama, a rumfar kara mutanen da suka karɓe mu suka sauke mu. Ba ƙofa, ba gado. Amma an share ta, an yayyafa ruwa, an ajiye mana sabon tulu." Wallahi Habibu, sai da na juya baya na share hawaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na kawo uwata neman sauƙi na ajiye ta inda ba za ta iya gaida Ubangijinta ba.

Kuskurena na farko ke nan, fenti ya ruɗe ni. Kai kada ya ruɗe ka, ko da kai ka shafa shi. Na ji kana ta zumuɗin allon suna da fitilu masu launi, ban hana ka ba. Amma kullum ka fara zagayenka daga baya, daga banɗaki da kwata, sannan ka ƙare a get. Baƙonka mai salla ne, direba ne ko ɗan kasuwar hatsi ko wanda ya kawo mara lafiya kamar mu, kuma abin da zai fara nema bayan ya ajiye jaka shi ne buta da inda zai sa goshi. Kowace buta ka ɗauka ka yi alwala da ita da kanka, in ba za ka iya kurkure baki da ruwanta ba to ka jefar. Ka durƙusa a ƙasan kowane ɗaki inda mai sujada zai kai hancinsa, ka shaƙa. Daga tsaye ba a jin abin da mai salla yake ji.

To ga babban kuskuren. Muna zaune a gindin bishiyar nan sai babanku ya ce Alhaji ya aiko, gobe da hantsi zai taso daga Doguwa ya duba Inna. Nan take kunya ta rufe ni, kamar ni na zuba dattin. Ka san yadda aka rene mu. Mace ba ta karɓar baƙo a ɗaki mai ƙazanta, ko da ɗakin aro ne. Kuma mutum ya sauke ka kyauta don Allah da zumunci, da wane baki za ka ce masa wurinsa yana ɗoyi? Ban tsaya tunani ba. Na tashi babanku ya sayo tsintsiya da soso da sabulu, na roƙi toka a wurin mai tuwo, na ɗaura zani a ƙirji. Katifa na ja ta rana na yi ta bugu. Banɗaki na kankare shi da toka har farcena ya karye. Na wanke bango, na sauke yanar gizo-gizo, na cire zanin gadon na cusa a bayan ƙofa na shimfiɗa atamfata sabuwa. Babanku ya ɗaure famfo, ya sayo sabuwar buta. Sale yana benci yana kallonmu muna ta kai da kawo da bokiti, abin da ya ce kawai shi ne, "Sannunku da aiki." Da gari ya waye, muka dawo daga wankin ciwo, na ɗebo garwashi na zuba turaren wuta.

Alhaji ya iso da ledar lemo da burodi. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ɗakin, ya ja numfashi. A lokacin idonsa garau yake. Ya gaida Inna, ya zauna, ya sake waiwayawa hagu da dama, fuskarsa duk fara'a. Sai ya ɗaga murya ya kira Sale. Da ya zo ya ce masa, "Ashe haka kake riƙe min wuri? Allah Ya yi maka albarka." Sale ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Kawu." Sannan Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Hajara, ba dai wata matsala ko? In akwai ki gaya min, nan gidanku ne." Ga ƙofa ya buɗe min da kansa. Na ja mayafi na rufe hannuna da toka ta cinye, na ce, "Babu komai, Alhaji. Allah Ya saka da alheri." Babanku ma ya ce lafiya lau muka kwana, alhali jikinsa duk kurji ne, don bugun katifa ba ya korar kuɗin cizo.

Bayan ya tafi Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗaki kam ya fita. Amma kin rufe wa bawan Allahn nan ido." Na ce, "Haba Inna, rufin asiri na yi masa." Ta ce, "Na Sale kika rufa." Ban gane ba a ranar, har haushinta na ji, ga bayana yana ciwo.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, mutanenmu ba za su gaya maka gaskiya a fuska ba. In ka tambayi baƙo yadda ya kwana, lafiya lau zai ce, ko da ɓeraye ne suka yi dambe a kansa. Wannan gaisuwa ce, kada ka ɗauke ta shaida. Wanda ya san ka, ko ya san babanku, ko aka yi masa ragi, shi ya fi kowa kawaici. Don haka ka daina jiran baki, ka riƙa kallon hannu. In ka ga baƙo ya shigo da butarsa daga mota, ko ya shimfiɗa rawaninsa a kan matashi, ko ya fito da darduma tsakar gida alhali ba zafi ake ba, to ya gama yi maka magana. Ranar da baƙuwa ta aika a sayo mata tsintsiya kuwa, ka bar duk abin da kake yi ka je ka ba ta haƙuri, ka karɓi sharar da hannunka. Kuma ka riƙa kwana a ɗakunan nan bi da bi, duk wanda ba kowa a ciki. Fatarka za ta gaya maka abin da baƙo ya ɓoye.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Bakin da ya kasa magana a gaban Alhaji, muna dawowa gida ya buɗe. A gidan suna a Dangora na ba da labarin, mata suna ta riƙe ciki, har kwaikwayon Sale nake yi yana nuna ɗaki da haɓa. A kasuwar Kafin Maiyaƙi, ina sayar da kifi, na ba matar wani direba. Ka san inda magana take zuwa in ta shiga gidan direba. Kowa na gaya wa, ban da mutum ɗaya da yake da ikon gyarawa. Ban ce ni kaɗai na kashe otal ɗin ba, dattinsa ya ishe shi. Amma na sa hannu ta gaba, na sa ta baya. A hankali baƙin kirki suka ɗauke ƙafa, wurin ya koma matattarar 'yan karta, daga baya silin ɗin da na ce maka ya yi ciki ya rufto, aka sa wa get kwaɗo.

Saboda haka in Allah Ya haɗa ka da baƙo mai faɗa, wanda zai tsaya a gabanka ya ce banɗakinka yana wari, kada ka murtuke fuska irin yadda kake yi min in na ce ka wanke takalmi. Ka ba shi kujera, ka gode masa. Ya fi maka irina sau nawa, mai murmushi a get da dogon baki a kasuwa. Kai ma in ka ga aibu a wurin wani, ka kai masa shi kai tsaye, cikin ladabi, a keɓe. In ba za ka iya ba to ka kama bakinka gaba ɗaya.

Zancen gyara kuma, ka tuna babanku da komarsa ta kamun kifi. Bai taɓa rataye ta da huda ba, komai gajiya sai ya ɗinke kafin ya ci tuwo, don ya san gobe hudar ba haka za ta tsaya ba. Famfo ya fara ɗiga, a ranar ka kira mai gyara, kada in ji an naɗa roba. Kafin ruwan farko ka hau ka duba kwanon rufi. Katifu a fitar da su rana duk mako. Masu aikinka ka ba su sabulu da ruwa da haƙƙinsu a kan lokaci, sannan ka bi bayansu ka duba, ko da ɗan uwanka ne, musamman ma in ɗan uwanka ne. Sale ba mugu ba ne. Yaro ne da aka miƙa wa mukulli, ba wanda ya sake leƙa bayansa, rana ɗaya da aka leƙa kuma aka sa masa albarka a kan aikin da bai yi ba. Yanzu yana noma a Kiru, ya manyanta. In kun haɗu ka gaishe shi da girmamawa, kada ka nuna masa ka san komai.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar da Alhaji ya zo neman a ba shi kai, jikarsa tana jan sandarsa, kana fadama ba ka nan. Suna zaure da babanku na kai musu fura. Sai na ji yana cewa har yau bai gane abin da ya kashe masa wuri ba, ya fi zargin hassada. Na ajiye ƙwarya na durƙusa na ce, "Alhaji, ina da magana, ta daɗe a wuyana." Babanku ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. Na gaya masa komai, tun daga butar har atamfata da na shimfiɗa, har gidan sunan Dangora ban ɓoye ba.

Yana ta juya sanda a hannunsa. Can ya ce, "Ashe hannunki ne, Hajara." Na ce, "Nawa ne, Alhaji." Ya ce, "Kin san mutum nawa suka zo min da ƙorafi bayan nan? Har ƙanena ya same ni a Doguwa ya ce in je in duba wurin. Na ce masa ƙarya ake wa yaron nan, ni na gani da idona. Shekara da shekaru da ɗakin nan nake kafa hujja." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi. Na ce ya yafe min. Ya ce, "Na yafe. Don kunyata kika yi, na sani. Amma ki gaya wa Habibu, yanzu ba ni da idon da za a rufe. Abin da ya gaya min shi na gani."

Ka ji saƙonsa, na isar. Kai ne idonsa yanzu. In ya zo zagaye kada ka ja shi zuwa ɗakin da ka fi gyarawa, kada ka kunna turare kafin ya iso. Ka kama hannunsa ka kai shi ɗakin da ya fi ba ka kunya, ka ce, "Baba, nan rufi yana yoyo, nan ƙofa ta ɓalle, ga abin da nake shirin yi." In baƙi sun ragu ka gaya masa sun ragu. Zai ji zafi na rana ɗaya, amma zai san inda yake tsaye. In wurin nan ya sake mutuwa alhali kana ce masa lafiya lau, to mu biyu ke nan daga gida ɗaya muka yi masa abu ɗaya, ni kuma ban san da wace fuska zan sake kai masa fura ba.

In an gama girbi, in Allah Ya kai mu, zan zo ni da babanku. Ba zan gaya maka ranar ba. Ɗakin ƙarshe za ka ba mu, wanda muka sauka da Inna, Allah Ya jiƙanta. Ba zan zo da buta ba, ba zan zo da zanin gado ba, kuma ko me na tarar ba zan taɓa tsintsiya ba. In aka kira salla zan sa goshina a ƙasan ɗakin nan, ko kuma in fita gindin darbejiya. Da safe in Alhaji ya tambaye ni yadda muka kwana, abin da na gani shi zan faɗa masa, ko da kana tsaye a wurin.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka haƙuri da baƙi da masu aiki, Ya sa ka fita kunyar bawan Allahn nan. Allah Ya tsare ka a kwance da tsaye, Ya raba ka da abokan banza, Ya dawo min da kai lafiya duk ranar da ka tashi zuwa. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Kifin kuma ka shanya shi gobe, kada ka bar shi a leda ya yi fumfuna.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara